Tarihin Yisti da Awonshi, Daga Ludayin Kakanninmu Zuwa Ɗan Fakiti



Da damanar da ta wuce, sa'ad da ruwan nan mai yawa ya kada katangar tsohon gidan da ke yamma da rijiyar gari, yara masu ɗibar ƙasa suka tono manyan tukwane uku, a girke cikin murhun laka guda, gindinsu baƙi ƙirin. Yaran suka tambaya ko na mene ne. Wani dattijo ya ce na rini ne, wani ya ce na dafa sabulu ne. Duk wanda ya haura shekara 70 a garin nan ya san ba haka ba ne. Tukwanen giya ne.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wasiƙa daga wani ɗanmu da ke aiki a Baljik. Ya ce akwai wani Bature abokin aikinshi da ke dafa giya a gida don sha'awa, kuma ya ga yana zuba busasshen yisti garam 11 da rabi daidai cikin lita 20, ba ƙari ba ragi. Da Baturen ya ji cewa kakanninmu ma sun yi wannan sana'a, sai ya tambaye shi: su da ba su da sikeli, garam nawa suke sawa? Yaron bai da amsa, shi ya sa ya rubuto. Na yi ta bin tsofaffi da tambaya, na kuma buɗe littattafai, ga abin da na samo.

Tun da fari in faɗi wata magana. Ni Musulmi ne, ba ni shan giya, ba ni kuma kiran kowa ga shanta. Hukuncinta a addininmu sananne ne. Amma tarihi ba a wanke shi da ƙarya. In muka ce wa yara tukwanen rini ne, ran da suka gane za su daina yarda da sauran abin da muke gaya masu. Ban da haka, yistin nan da ake magana shi ne dai ke tada burodin da muke karyawa da shi kowace safiya, shi ne mata ke sawa a fanke da masa. Labarinshi na kowa ne.

Kafin Musulunci ya game ƙauyuka, Annan kwarin Gulbin Maraɗi da na Arewa, da Maguzawan ƙasar Katsina da Kano, ba su biki ba giya. Da ita ake gayya, da ita ake aure da makoki, ita ake zuba wa kakanni da iskoki a gindin itace. Tsofaffi sun ce ran da sarkin noma zai yi bikin dubu, matan gidaje da yawa ke haɗuwa su yi ta dafuwa kwana da kwanaki. Wani Bafaranshe, Guy Nicolas, da ya daɗe yana bincike a kwarin nan, ya fitar da babban littafi a 1975 a kan zaman Annan da al'adunsu. Sana'ar kuwa ta mata ce.

Wata gwaggona, Allah ya jiƙanta, ta yi wannan aiki da ƙuruciya kafin ta tuba ta bari, kuma ɗiyarta da ke raye ita ta ba ni yawancin abin da zan faɗa. Jar dawa ake jiƙawa kwana ɗaya ko biyu, a tsame, a shimfiɗa a inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da maraice har ta yi tsiro, wajen kwana 3 zuwa 4. Sa'an nan a shanya ta bushe, a niƙa. Tsiron nan shi ne asirin farko, don shi ke mai da garin dawa ya koma zaƙi. Dawar da ba ta tsira ba, ko an shekara ana dafa ta kunu za ta ba ka. Sai a dama garin da ruwa, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa mai kaurin, a sake haɗa su. A bar shi ya kwana ya yi tsami. Wanshekare a tace, a maida wuta, a yi ta dafawa sa'o'i masu yawa ana kwashe kumfa. Abin da aka samu a nan ruwa ne mai zaƙi da ɗan tsami, ba ya bugarwa, har yara ana ɗiba masu.

To, daga nan ne ake zuba abin da suke kira iri. In an sha giyar da ta gabata, akwai wani farin laka-laka da ke kwantawa a gindin tukunya. Ba a zubar da shi. A ƙaramar ƙwarya ake adana shi, a rufe, a sa a lungu mai sanyi kusa da randa. In sabon ruwan ya huce har mace ta iya tsoma gwiwar hannunta ba ta ji zafi ba, sai ta zuba irin. Da dare a zuba, kafin asuba tukunya ta fara tafasa ba wuta, ana jin ƙararta daga ƙofar ɗaki.

Na tambayi ɗiyar gwaggon nan, nawa ake zubawa? Ta yi dariya ta ce, "Kai ma dai, ɗan lakwal! Gishiri nawa ake sa wa miya?" Da na matsa mata sai ta ce, babbar tukunya ludayi biyu ko uku, in lokacin ɗari ne a ƙara, a kuma lulluɓe tukunyar da tsohon zane, in bazara ce a rage, in ba haka ba ta yi ambaliya cikin dare, in irin ya kwana da yawa a ninka shi, don ya gaji. Ku riƙe waɗannan sharuɗɗa uku, za mu sake gamuwa da su a bakin masana.

Wadda irinta ya mutu kuwa, sai ta ɗauki ƴar ƙwarya ta je gidan maƙwabciya, kamar yadda ake zuwa ɗibar wuta. Ba a saye, ba a kuma hanawa. Amma an san gidan da irinsu ke da kyau, an san wanda giyarsu ke saurin komawa tsami, kuma mata na yi wa juna gori da wannan. Wata amarya da irin uwarta take zuwa gidan miji. A ƙasar Mosi, a Burkina Faso, masu dafa dolo sun wuce nan: suna kwashe irin su shanya shi a rana ya bushe, suna kiranshi rabile, ana sayar da shi a kasuwa har ana sa shi a miya. Watau busasshen yisti ba Bature kaɗai ya san shi ba. Abin da Bature ya kawo daban ne, kuma shi ma ya daɗe cikin duhu kafin ya kai gare shi.

Dubi dokar da sarkin Bavariya, a ƙasar Jamus, ya kafa a 1516, wadda har yau Jamusawa ke alfahari da ita. Ta ce kada a sa kome a giya sai abu uku: sha'ir, da ruwa, da wani fure mai ɗaci da Faransawa ke kira hublon. Ba ta ambaci yisti ba ko kaɗan. Ba don ba su amfani da shi ba ne. Suna kwashe shi daga wannan tukunya zuwa waccan kamar gwaggona, amma ba su ɗauke shi ɗaya daga kayan haɗi ba. A Ingila ta zamanin da, sunan da masu giya suka ba shi ma'anarshi “Allah nagari ne”, don suna ganin kyauta ce da ba su san mafarinta ba. Manoman Norwe kuwa wani zoben itace suke tsomawa a cikin kumfar, su rataye shi ya bushe har dafuwa ta gaba.

A 1680 wani mai sayar da yadi a garin Delft na Holan, Leeuwenhoek, wanda ke sassaƙa gilashin ƙara girman abu da hannunshi, ya ɗiga giya ya duba, ya ga wasu ƴan dunƙule-dunƙule. Ya zana su, amma bai gane masu rai ba ne. Aka yi shekara fiye da 150 a haka. Sai wajen 1837 mutum uku, kowa da kanshi, Cagniard de la Tour a Faransa da Schwann da Kützing a Jamus, suka nuna cewa ƙwayoyin nan halitta ce mai rai, tana tohowa ta haifi ƴaƴa, tana cin sukari. Manyan masana haɗa magunguna na lokacin suka yi masu ca. Liebig, wanda ya fi kowa suna a cikinsu, shi da abokinshi Wöhler suka buga wani rubutun ba'a a 1839, ba sa hannu, suna kwatanta wasu ƴan dabbobi da ke haɗiye sukari su yi kashin barasa su yi fitsarin iska. Aka yi ta dariya. Abin mamaki, ba'ar ta fi kusa da gaskiya bisa ga abin da su masu ba'ar suka yarda da shi.

Wanda ya kashe gardamar shi ne Louis Pasteur, wanda duk ɗan lakwal a Nijar ya haddace sunanshi saboda maganin cizon mahaukacin kare. A 1856 yana koyarwa a garin Lille, sai wani mai masana'antar barasa ya kawo mashi kuka: wasu gangunan nashi na yin kyau, wasu na lalacewa su yi tsami, bai san dalili ba. Pasteur ya sa madubin likita ya duba. A gangunan kirki ya ga ƙwayoyi zagayayyu. A lalatattun ya ga wasu ƴan siraran sanduna sun yi yawa. Halittu iri biyu ne ke kokawa a kan abinci guda: yisti na mai da sukari barasa, ƴan sandunan na mai da shi tsami irin na nono. Wanda ya riga yawa shi ke cin kasuwa. Ya bayyana aikin yisti dalla-dalla a 1860, a 1876 kuma ya fitar da littafi sukutum a kan giya. Haushin kayen da Jamus ta yi wa Faransa a yaƙin 1870 na cikin abin da ya tura shi. So yake giyar Faransa ta fi ta Jamus. Wannan burin dai bai cika ba.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, domin daga nan ne tambayar Baturen Baljik ta samo ma'ana. In yisti ƙura ce kawai ko datti, ba ruwan kowa da yawanshi. Amma in runduna ce da za ta yi yaƙi da wata runduna, dole a san mutum nawa aka tura. Kowane garam 100 na sukari da yisti ya ci, yana ba da barasa kusan garam 51 da iska kusan garam 49. Iskar nan ita ce tafasar da ba wuta, ita ce kuma ramukan da ke cikin burodi. In ya samu abinci da ɗumi, yana iya ninka kanshi cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka. Su ma abokan gabanshi haka, har sun fi shi sauri. Gwaggona da ke barin ruwan dawa ya kwana ya yi tsami, sa'an nan ta dafa shi, sa'an nan ta zuba iri, ashe rundunar farko ta bari ta yi mata aiki, ta kashe ta da wuta, ta saki ta biyu a fili ba abokin gaba. Tsamin kuma na hana wasu miyagun ƙwayoyi tasowa. Ba ta taɓa jin sunan Pasteur ba.

Saura mataki ɗaya, a Danmark aka yi shi. Wani mai gidan giya na Kwapanhagan, Jacobsen, ya tafi Munik a 1845 ya roƙo iri a wajen wani shahararren mai giya, kamar dai ɗibar wutar nan tamu, sai dai tafiyar ta keken doki ce ta kwanaki. An ce cikin akwatin hularshi ya ɓoye gwangwanin, duk zangon da aka tsaya sai ya sauka ya zuba mashi ruwan sanyi kada ya mutu. Da irin nan ya kafa Carlsberg a 1847, aka yi ta juya shi daga ganga zuwa ganga kusan shekara 40. A 1883 giyar ta fara ɗaci da wari. Wani masani da ke ɗakin binciken kamfanin, Emil Christian Hansen, ɗan talakawa ne da ya fara da aikin fenti, ya gano cewa irin ba iri ɗaya ba ne, gauraye ne, har da wani baƙon yisti na daji da ya shigo. Sai ya yi ta tsarma shi da ruwa har ya ware ƙwaya ɗaya tak, ya rene ta ita kaɗai a kwalba mai tsabta, ta haihu ta cika. A ƙarshen shekarar aka dafa giya da zuriyar ƙwaya guda. Jacobsen bai ɓoye ba, ya riƙa ba sauran masu giya kyauta. Tun daga ran nan ana iya cewa ga irin kaza, ga adadi kaza, a kuma samu abu guda kowane karo.

Busarwa kuwa ba don masu giya aka yi ta ba, don masu burodi ne da soja. A Viyana, wajen 1846, aka kyautata hanyar tara yisti a matse shi ya zama curi kamar sabulu. Wasu ƴan uwa, su Fleischmann, suka kai sana'ar Amurka a 1868. Pasteur ya riga ya lura cewa in aka hura wa yisti iska, haihuwa yake yi da yawa, barasa kaɗan. Masana'antun yisti a kan wannan suka dogara, suna ciyar da shi da baƙin ruwan da ke saura in an yi sukari. Amma curin nan kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, in ba a firigo ba kwana kaɗan yake ya ruɓe. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka buƙaci gasa wa sojan Amurka burodi a wuraren da ba sanyi, kamfanin Fleischmann ya fito da busasshe mai kama da tsaki, wanda ruwanshi bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ana jiƙa shi da ruwan ɗumi ya farka. Sa'an nan a 1973 kamfanin Lesaffre, wanda ke kusa da Lillen nan ta Pasteur, ya fito da Saf-instant, mai laushi da ba ya buƙatar jiƙo. Shi ne ƙunshin nan mai tauri kamar bulo, na garam 500, da kuka sani a kantunan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Garam 1 nashi na tsaya wa kamar garam 3 na ɗanyen curi.

Kun ga shekarar: 1973, shekarar da fari ya ci mu. Zan komo kanta.

Dafa giya a gida, irin na abokin ɗanmu, sabon abu ne a wasu ƙasashen Turawa, don hukuma ta daɗe da ɗaure shi saboda haraji. A Ingila sai 1963 aka soke lasin da ake biya. A Amurka, inda aka haramta giya gaba ɗaya daga 1920 zuwa 1933, sai 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta yi a gida. Masu farawa a lokacin da ɗan ƙaramin ƙunshin yisti na garam 5 ko 7 suke aiki, wanda ake liƙawa a murfin gwangwanin kayan haɗi, sau da yawa ya tsufa a kanti. Giyar ta yi ta ɓaci, busasshen yisti ya yi baƙin suna. Sai daga baya kamfanoni kamar Fermentis, reshen Lesaffre, da Lallemand na Kanada suka riƙa busar da irin giya na ainihi da tsabta.

To ga awon da aka tsaya a kai. Ga giyar da ke nuna a ɗumi, wajen digiri 18 zuwa 22, Fermentis na cewa garam 50 zuwa 80 ga lita 100, watau rabin garam zuwa kusan garam ɗaya ga kowace lita. Lita 20 ke nan garam 10 zuwa 16. Daga nan fakitin garam 11 da rabi ya fito, an yanka shi daidai tukunyar mai yi a gida. In ba sikeli, kusan ƙaramin cokalin shayi 4 ne a shafe. Ga giyar da ke nuna a sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15, irin wadda ake sawa a kwalba, sai garam 80 zuwa 120 ga lita 100, kusan fakiti biyu ga lita 20. In ruwan ya yi zaƙi ƙwarai don ana son giya mai ƙarfi, a ƙara. In fakitin ya daɗe ko ya sha zafi, a ƙara. Mai son jiƙawa ya sa shi a ruwa mai tsabta ninki 10 na nauyinshi, mai ɗumi kamar digiri 25 zuwa 30, na minti 15 zuwa 30. Ruwan da ya wuce digiri 50 kashe shi yake.

In sanyi a ƙara, in ɗumi a rage, in iri ya gaji a ninka. Na karanta wa ɗiyar gwaggona wannan, ta ce, “To me suka ƙara?”

Sun ƙara lissafi, kuma lissafin bai hana su gardama ba. Masu manyan masana'antu ba garam suke ƙirgawa ba, ƙwayoyi suke ƙirgawa a ƙarƙashin madubi. Zaƙin ruwan ana auna shi da digirin Plato: digiri 1 shi ne garam 1 na sukari cikin garam 100 na ruwan, giya ta yau da kullum kuwa wajen digiri 12 take farawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙwaya dubu 750 ga kowane mililita ga kowane digiri in ta ɗumi ce, miliyan 1 da rabi in ta sanyi ce. Ku buga da kanku: lita 20 mililita dubu 20 ne, sau 12, sau dubu 750, ya ba da ƙwaya miliyar 180. Kamfanin kuwa abin da ya ɗauki alkawari shi ne aƙalla miliyar 10 masu rai a kowane garam, watau miliyar 115 a fakiti. Bai kai ba ke nan. Shi ya sa wasu ke cewa dole fakiti biyu. Wasu su ce a'a, alkawarin mafi ƙaranci ne, sabon fakiti ya fi haka nesa, kuma busasshen yisti daga masana'anta yake zuwa a ƙoshe da guzurinshi, ba kamar gajiyayyen da aka kwaso daga gindin ganga ba, wanda don shi aka yi ƙa'idar. A ganina na biyun sun fi gaskiya ga giya marar ƙarfi, na farkon ga mai ƙarfi. Ni dai ba ɗanɗanawa zan yi in raba su ba.

Abin da ba su gardama a kai shi ne sakamakon kuskure. In yisti ya yi kaɗan, tukunya na daɗewa shiru, kwana ɗaya ko biyu, abokan gaba su samu fili. Ƴan kaɗan ɗin da ke ciki su wahala, su fitar da wari kamar na fenti da wasu miyagun nau'in barasa masu kaifi, wani lokaci su tsaya aikin bai ƙare ba. In ya yi yawa, aikin na gudu, zafi ya tashi, giyar ta fito salam da ɗanɗanon ƙullu. Kuskuren yawa ya fi sauƙi bisa ga na ƙaranci. Masu burodi sun san irin wannan: kilo ɗaya na fulawa bai wuce garam 10 na busasshen yisti ba, wanda ya zuba fiye don sauri, burodinshi kan yi wari ya bushe kafin azahar.

Sai dai duk lissafin nan na ƙasar sanyi ne. Wa ya ga digiri 18 a cikin ɗaki a Maraɗi watan Afrilu, sa'ad da inuwa ma ta haura 40? Irin kakanninmu ya saba da zafin nan, tun da a cikinshi aka yi ta juya shi shekara da shekaru. Wanda bai jure ba ya mutu, wanda ya jure shi ya kai ga ƙwaryar gaba. Matan nan zaɓen iri suke yi ba su sani ba, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar da ta fi kyau. Dare ɗaya yake gama abin da na Turai ke yi a mako. Ladan saurin kuwa shi ne giyar ba ta ajiyuwa: kwana biyu ta koma tsami, shi ya sa ba a taɓa yin fataucinta nesa ba, a inda aka dafa nan ake shanyewa.

Yanzu in koma ga 1973. Sana'ar ta riga ta fara ja da baya tun kafin nan, don kowace shekara gidajen Anna na shiga Musulunci, wanda ya fara salla kuwa matarshi ta kife tukunya. Masu sha a birni suka koma ga ta kwalba, wadda kamfanin Braniger na Yamai ya riƙa yi bayan samun mulkin kai, mai hoton raƙumin dawa. Amma a garinmu yunwa ce ta yanke igiyar. A 1973 da 1974 ba mai tiyar dawar da zai jiƙa ta yi tsiro alhali ƴaƴanshi na kwana da yunwa. Ɗiyar gwaggona ta ce gida biyu ne suka sake kunna murhu bayan an samu damana, da irin da suka aro daga wani ƙauye na kudu. Da farin 1984 ya zo, su ma suka bari. Iri kuwa in ba a ciyar da shi ba mutuwa yake. Na Carlsberg na 1883 an adana zuriyarshi a ɗakin bincike. Na garinmu, wanda Allah kaɗai ya san kaka nawa ya ratsa, ya bushe a ƙwarya aka ba awaki ko aka zubar bayan gida. Ba na kukan giyar. Amma matanmu da ke sayen yistin Faransa don fanke, da a ce irin nan na nan, wa ya sani ko ya fi dacewa da zafinmu?

Na rubuta wa ɗanmu na Baljik cewa ya gaya wa abokinshi: ludayi biyu ko uku ga babbar tukunya, a duba sanyi, a duba kwanan iri. Na kuma auna ɗaya daga cikin tukwanen da bokiti, ta ci lita 60 da ɗan kai. Da awon Turawa fakiti uku ke nan. Ɗayar ta tsage wajen tonowa, biyu lafiya lau suke. Suna zauren mai gari a kife, kuma na sa maganarsu cikin abin da za a tattauna a taron ƙungiya na bayan girbi, ko a kai su lakwal a ajiye da ƴar takarda mai faɗin ko na mene ne. Wanda kakarshi ta bar mashi wani bayani da ya saɓa wa nawa, ya aiko wa magatakarda kafin fitowa ta gaba.